Wa ya raɗa wa dabbar suna kafin a ce tana cikin haɗari?

A ƙarshen Nuwamba na 2023 wasu masu bincike a Afirka ta Kudu suka ba da sanarwar cewa sun gano wata 'yar ƙaramar dabba mai rayuwa cikin yashi, wadda rabon da a tabbatar da ganinta ya haura shekara 80. Makauniya ce, ba ta cika tafin hannu ba, gashinta na ƙyalli, ana ce mata mol na De Winton. A bakin teku kusa da garin Port Nolloth aka same ta. Ba a rufa wata guda ba sai ga wata sanarwar a Disamba, ita kuma ta ta'aziyya ce: ƙungiyar IUCN, mai riƙe da Jan Kundin halittun da ke fuskantar barazana, ta ce wani jinsin kunamar ruwa na tekun Java a Indonesiya ya ƙare daga duniya. Guda ɗaya tak masana suka taɓa riƙewa a hannu, wanda wani Bajamushe masanin dabbobi, Eduard von Martens, ya samo a kasuwar kifi ta Jakarta a 1862.

Ɗaya an fid da rai da shi, sai ga shi da ransa. Ɗaya kuma sai da aka yi shekara 161 ba a ji ɗuriyarsa ba kafin a yarda a rubuta cewa ya tafi. To tsakanin kifaye masu fiffike, wato su kunamar ruwa da kifin manta, da dangin mol masu haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, wane ne ya fi shiga haɗari? Mai neman gajeriyar amsa zai buɗe Jan Kundi, ya ga babban kifin manta a matakin “cikin haɗari”, ya ga mol na Turai a matakin “babu damuwa”, ya rufe ya ce magana ta ƙare. A ganina nan ne ma ta fara. Matakin da aka ajiye dabba a kundin nan yana rataye ne a wuyan sunan da masana suka ba ta. In sunan ya haɗa abin da bai kamata a haɗa ba, ko ya tsallake abin da ba a taɓa dubawa ba, to dokar da za ta biyo baya da kuɗin da za a kashe duk za su sauka inda ba nan aka nufa ba. Aikin rarrabe jinsi da raɗa suna, wanda ake yi wa kallon sana'ar tsofaffi a ɗakunan ajiya masu warin magani, a kansa duk aikin kare halittu ya tsaya, kuma shi aka fi yi wa rowa.

Wurin zaman dabbobin nan biyu a jadawalin halittu ma bai taɓa tsayawa cak ba. A 1758 Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin ba kowane jinsi suna mai kalma biyu, ya zuba kifaye masu fiffike da kifin shak a aji ɗaya da kwaɗi da macizai. Mol kuwa ya haɗa shi rukuni ɗaya da alade. Ba wauta ya yi ba, abin da ido ya nuna masa ke nan a zamaninsa. Yau an san kifaye masu fiffike sun haura jinsi 600, jikinsu ba ƙashi sai guringuntsi, kuma su da shak ɗaki ɗaya suke. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, a lissafin masana, tarwaɗa da sauran kifaye masu ƙashi sun fi kusanci da mol ɗin da ke kwance cikin rami fiye da kusancinsu da kunamar ruwa, domin reshen masu guringuntsi ya rabu da na masu ƙashi tun sama da shekara miliyan 400.

Ɓangaren mol ya fi rikitarwa. Mol na ainihi, dangin da masana ke kira Talpidae, yana Turai da Asiya da Arewacin Amurka, kuma 'yan uwansa na kusa su ne jaɓa da bushiya. Ba ɓera ba ne, ko da yake mai kallo daga nesa zai rantse shi ne. Amma na De Winton ba ya cikin wannan dangi sam. Shi yana cikin wasu jinsuna 21 masu gashi mai ƙyallin zinare da ba a samu ko'ina sai Afirka, waɗanda aka daɗe ana lissafawa tare da mol na Turai a rukunin “masu cin ƙwari”, har zuwa ƙarshen shekarun 1990 lokacin da binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa zuriyarsu ɗaya da giwa da ayu da rema da dabgi. A hamadar Ostireliya kuma akwai wasu biyu masu renon 'ya'ya a jakar ciki kamar kangaru, su ma ana ce musu mol. Rayuwar rami ce ta ba su kama ɗaya: jiki mulmulalle, hannuwa masu ƙarfin tono, ido da ya kusan shafewa. Saboda haka wanda ya ce “mol ba ya cikin haɗari”, a kan jinsi ɗaya ya yi magana, amma mai sauraro zai ɗauka duka ake nufi.

Kuma shi wannan ɗayan, mol na Turai, ai ya ci sunan. Nauyinsa wajen giram 100, ya bazu daga Biritaniya har yammacin Saiberiya, tsutsar ƙasa, wato tana, ce abincinsa, macen na haifar uku ko huɗu a shekara. Ba irin yaƙin da ba a yi da shi ba saboda tudun ƙasar da yake tarawa a gonaki da filayen ciyawa. A Ingila dokar 1566 ta sa lada ga duk wanda ya kawo kan mol. A farkon ƙarni na 20 an feɗe miliyoyinsu ana ɗinka riguna da fatar. An yi ta zuba musu gubar sitirikinin har sai da aka hana amfani da ita a 2006. Duk da haka yana nan daram. A Jamus doka ta hana kashe shi, a Biritaniya akwai masu cin abinci da sana'ar kama shi, kuma ko ta wace hanya aka bi adadinsa bai girgiza ba. Dabbar da ke balaga cikin shekara guda ta kuma haihu da yawa tana iya jure ƙiyayyar mutum.

Sai dai a cikin dangin nan nasa akwai waɗansu biyu da suka koma rayuwar ruwa, ana ce musu desman. Na Rasha yana kogunan Volga da Don da Ural. An farauce shi don fata har ya kusa ƙarewa, yanzu kuma tarun roba mai arha da masunta ke bari cikin ruwa ke shaƙe shi. Na tsaunukan Pyrenees da arewacin Sifaniya da Fotugal madatsun ruwa da gurɓatar ƙoramu suka matsa masa, a 2021 aka ɗaga shi zuwa matakin “cikin haɗari”. Na Afirka masu ƙyallin zinare kuwa, kusan rabinsu na fuskantar barazana. Na Juliana, alal misali, wani ɓangarensa yana kan tudun Bronberg a gefen birnin Pretoria, inda unguwanni da masu ɗibar yashi ke cinye wurin a hankali.

Kifaye masu fiffike babu mai ƙiyayya da su, amma su ne ke mutuwa. Wani babban nazari da aka fitar a 2021 ya duba jinsi 1,199 na shak da masu fiffike da danginsu, ya sami 391 suna fuskantar ƙarewa, wato kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma masu fiffiken ne suka fi jin jiki. Kamun kifi fiye da kima ya shafi duka 391 ɗin, akasari ba don su aka jefa komar ba, da su dai aka jawo ta. Wani nazarin na shekarar ya nuna shak da masu fiffike na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 daga 1970. Babban kifin manta, mai faɗin fiffike da kan kai mita 7 da nauyin da ya haura tan ɗaya, macen na ɗaukar ciki kusan shekara, ta haifi ɗa guda, ta huta shekaru kafin wani. Ana kuma farautarsa musamman saboda matatar da ke cikin wuyansa, wadda ake busarwa a kai kasuwannin maganin gargajiya na kudancin China. Kifi mai irin wannan haihuwa, ko kaɗan aka riƙa ɗiba kowace shekara, ba ya mayar da gurbi.

Zuwa nan za a ce ai kundin ya faɗi gaskiya, kuma na yarda: in aka yi jimla, masu fiffike sun fi dangin mol shiga uku nesa ba kusa ba. Amma labarin wani kifi mai fiffike na tekun Turai ya nuna yadda suna kaɗai ke iya ɓoye mutuwa a gaban idon kowa.

Ana ce masa sket na gama-gari, domin a da ya cika tekun arewa maso gabashin Atilantika. Masanan ƙarni na 19 sun san shi a matsayin jinsi biyu daban. A 1926 wani masani mai suna Clark ya sake nazari ya yi musu kuɗin goro, ya ce jinsi ɗaya ne, kowa kuma ya bi. A 1981 wani masanin kifi, Keith Brander, ya nuna cewa kifin ya ɓace daga tekun da ke tsakanin Ayalan da Biritaniya saboda jan koma a ƙasan ruwa, aka ji tsoro, amma aka riƙa samun sassauci da ganin cewa har yanzu ana sauke shi a wasu tashoshin jiragen kamun kifi. Sai a wajen 2009 Samuel Iglésias da abokan aikinsa a Faransa, bayan sun bi kasuwanni suna auna kifayen ɗaya bayan ɗaya, suna duba launin ido da haƙora da ƙayoyin wutsiya da ƙwayoyin gado, suka tabbatar cewa mutanen farko ne ke da gaskiya. Biyu ne. Ƙaramin yana balaga da tsawon da bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Babban sai ya kusa mita 2 yake fara haihuwa, ƙwansa ma kan yi kusan shekara ɗaya da rabi kafin ya ƙyanƙyashe. Wato sama da shekara 80 ana auna rayuwar kifi biyu a littafi ɗaya, ƙaramin da ya fi juriya yana cike alƙaluma, babban yana zarewa ba mai lura. Duk lissafin da aka yi na shekarun balaga da yawan da za a iya kamawa, an yi shi ne a kan kifin da babu shi, gauraye na biyu.

Abin bai tsaya ga masana ba. Shekaru da dama a tashoshin Turai ana rubuta abin da aka sauke da kalma ɗaya, “sket da danginsa”, a auna nauyi a wuce. Jimlar nauyin kan iya zama daidai shekara da shekaru alhali manyan jinsuna sun ƙare, ƙanana masu saurin haihuwa sun maye wurin. Sai a 2009 Tarayyar Turai ta hana sauke sket na gama-gari, ta kuma buƙaci a riƙa rubuta manyan jinsuna kowanne da sunansa. A 2014 Sikotlan ta keɓe wani yankin teku a gaɓarta ta yamma, daga Loch Sunart zuwa mashigin Jura, don babban. Ba za a keɓe wa kifi wuri ba sai an san akwai shi.

Irin wannan gyara na faruwa ta kowane ɓangare. Kifin manta jinsi ɗaya aka ɗauke shi har 2009, lokacin da aka raba shi biyu, na bakin gaɓa da na tsakiyar teku. A 2017 kuma aka soke sunan rukuninsa aka mayar da shi cikin 'yan uwansa na Mobula. Shi ma mol na Turai mai “babu damuwa” bai tsira ba: a shekarun 2010 aka gano cewa na kudu maso yammacin Faransa da arewacin Sifaniya jinsi ne mai zaman kansa, a 2023 kuma aka bayyana wani sabon jinsin mol daban a tsaunukan Hakkari na kudu maso gabashin Turkiyya. Na farkon ma a nahiyar da aka fi kowace bincike ne, a dabbar da ke tona lambun mutane. Duk lokacin da aka tsaga jinsi mai faɗin ƙasa gida biyu ko uku, kowane yanki yana fitowa da ƙaramin mazauni da ƙarancin adadi, kuma kwanciyar hankalin da babban sunan ya bayar ba lalle ta bi kowannensu ba.

Akwai kuma batun agogon da ake awo da shi, wanda masu kwatanta matakai ba sa kawowa. Jan Kundi, da aka fara a 1964, yana da ƙa'ida a rubuce: ana duba raguwar jinsi cikin shekara 10 ko zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. A mafi yawan lokuta raguwar kashi 30 ta sa shi matakin “mai rauni”, 50 “cikin haɗari”, 80 “bakin ƙarewa”. Zuriya uku ta babban manta an ƙiyasta ta shekara 87. Ta mol ba ta kai 10 ba, sai a yi amfani da 10. Mu ɗauki misali na lissafi kawai: a ce kowannensu na raguwa da kashi 2 cikin 100 duk shekara. Cikin shekara 87 mantan ya rasa kusan kashi 83, ya faɗa bakin ƙarewa. Mol cikin shekara 10 ya rasa kashi 18, bai ko taɓa layin farko ba. In aka sake auna shi bayan wasu 10, kashi 18 ne dai, haka kuma har a kai shekara 87 ɗin, inda shi ma ya rasa kashi 83 ba a taɓa buga masa ƙararrawa ba. Ƙa'idar tana da hujja, domin mai saurin haihuwa na iya farfaɗowa in an sarara masa. Amma ma'anarta ita ce “babu damuwa” na nufin ba a ga alamar ƙarewa nan kusa ba, ba ta nufin adadi bai ragu ba. Kuma wa ke ƙidayar dabbar da ke ƙarƙashin ƙasa? Tudun ƙasar da ta turo ake gani. Kifi ko ba komai yana ratsa kasuwa, ana iya ganin ya yi ƙaranci.

Shi ya sa na Afirka masu ƙyallin zinare galibi ta wata ƙofar suke shiga kundin, ƙofar ƙanƙantar mazauni: jinsin da iyakar ƙasarsa ba ta kai murabba'in kilomita 5,000 ba, kuma wurin na lalacewa, yana iya shiga “cikin haɗari” ko ba a ƙirga shi ba. Mataki ɗaya ne da na manta, launi ɗaya a shafin kundin, amma ciwon daban. Ɗaya yana yawo a tekunan duniya ana rage shi ko'ina, ɗaya yana kan tudu guda da katafila za ta iya sharewa cikin rani ɗaya.

Matakin da ya fi damuna shi ne wanda ba a ɗauke shi mataki ba: “bayani bai isa ba”. Akwai wani mol na Somaliya da duk abin da aka sani game da shi guntun ƙasusuwan kai ne da aka tsinta a 1964 cikin abin da mujiya ta amayar, kusa da garin Jowhar. Ba masanin da ya taɓa ganinsa da rai. Wannan matakin yake. A aikace, jinsin da ke nan ba ya shiga jerin waɗanda ake nema wa kuɗi, ba ya tsayar da aikin haƙar ma'adinai, ba ya hana lasisin kamun kifi, domin hukumomi da masu ba da tallafi matakai uku na barazana suke kallo. Alhali tarihi ya nuna abin da ke ƙarƙashin wannan lulluɓin. A nazarin duniya na 2014 kusan rabin shak da masu fiffike a nan aka ajiye su, waɗanda aka tabbatar suna cikin barazana 181 ne cikin 1,041. Da aka zauna aka bi su, zuwa 2021 adadin ya koma 391. Wani ɓangaren ƙarin lalacewa ce ta gaske cikin shekarun, amma babban ɓangare haɗari ne da ke nan tun da, ba a dai duba ba. Rashin sani ya fi dare duhu, mu kuma muna karanta duhun kamar shaidar lafiya.

Yadda aka tabbatar da na De Winton ya isa hujja ga abin da nake nema. Dabbar ba ta barin rami, iyo take cikin yashi yana rufewa a bayanta. Masu binciken, na ƙungiyar Endangered Wildlife Trust da Jami'ar Pretoria, sun yi amfani da kare mai horo, suka kwashi samfurin yashi sama da 100 a 2021 don neman ɓurɓushin ƙwayoyin gado da dabba ke bari inda ta ratsa. Sun samu, amma sun kasa yanke hukunci, domin yana da ɗan uwa mai kama da shi ƙwarai kuma abin da za a gwada da shi bai isa ba. Sai da aka karanta ƙwayoyin gadon wani tsohon samfuri da ke ajiye a gidan tarihi na Iziko a Cape Town sannan aka ce lalle shi ne. Ba don wani ya adana wannan gawar shekaru da dama, wani kuma ya ci gaba da biyan kuɗin ɗakin da take, da sabuwar fasahar ta tsaya a zato. Gaɓar da yake zaune kuwa gaɓar haƙar lu'ulu'u ce.

Akwai masu suka, kuma ba zancen banza suke ba. Na farko suna cewa rarraba jinsi ya zama hanyar neman kuɗi: ka tsaga jinsi ɗaya gida biyar, ka sami biyar masu ƙaramin mazauni, kowanne ya cancanci tallafi, kowanne da takardar ilimi mai ɗauke da sunanka. Masana ma ba su taɓa haɗuwa a kan ma'anar “jinsi” guda ɗaya ba. Gaskiya ne ana wuce gona da iri a wasu wurare. Amma in aka ɗora kurakuran biyu a sikeli, ba nauyinsu ɗaya ba. In an raba abin da ɗaya ne, an yi asarar kuɗi, kuma gobe wani zai gyara. In an haɗa abin da biyu ne, ana iya rasa ɗayan gaba ɗaya, wannan kuwa ba ya gyaruwa.

Na biyu sun fi ƙarfi. Suna cewa kafin masani ya gama auna haƙoran kifi ya buga takarda, jirage sun kwashe tekun. Jiran suna ihu ne bayan hari. A nan ina tare da su rabi. Ga kifaye masu fiffike bai kamata a jira ba, kuma yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta riga ta nuna hanya: ta sa kifin manta ƙarƙashin sa ido a 2013, sauran Mobula a 2016, sannan a 2019 ta ɗauki dangi biyu sukutum na masu fiffike masu dogon jiki irin na shak, waɗanda aka samu 15 cikin 16 nasu suna bakin ƙarewa. Dalilin ɗaukar dangi gaba ɗaya a fili yake: jami'in kwastan da ke gaban buhun busassun fukafukai ba zai iya bambance jinsi da jinsi ba. Indonesiya ma ta hana kamun manta a duk ruwanta a 2014. Amma ko wannan gajeriyar hanyar a kan aikin masu rarrabewa ta hau, domin su ne suka shata iyakar dangin. Kuma ba ta aiki ga mol ko kaɗan. Ba mai cinikinsa a ƙetare, ba abin da kwastan zai kama. Maganinsa fili ne takamaimai: tudu kaza, gaɓa kaza, ƙorama kaza. Kafin a ce wa mai gini ko mai haƙar ma'adinai ya janye daga wuri, dole a iya cewa abin da ke ƙarƙashin wannan yashin babu shi a wani wuri, kuma ba mai iya faɗin haka sai wanda ya san bambancinsa da maƙwabcinsa. Wani lokaci ma kifin kansa kan shiga halin mol: akwai sket na Maugean da ya rage a mashigin ruwa guda, Macquarie Harbour a Tasmaniya, inda gonakin kiwon kifin salmon ke cikin abubuwan da suka rage iskar da ke ruwan. Shi ba dokar ciniki yake buƙata ba, hukunci yake buƙata a kan wannan mashigin.

Na san dalilin da ya sa kuɗi ke bin manta. Yana da kyan gani, masu nutso na biyan kuɗi don su yi iyo kusa da shi, hotonsa na tara gudummawa. Ba na baƙin ciki da rabonsa, ya cancanta. Amma gwamnatin da ta sa hannu a yarjejeniyoyin kare halittu ba ƙungiyar neman gudummawa ba ce, bai kamata ta zaɓi aiki da kyan hoto ba. Abin da ya rage mata shi ne aikin da ba mai ɗaukar nauyinsa don farin jini: ma'aikaci a tashar sauke kifi wanda aka koya wa bambance jinsi, yana rubuta kowanne da sunansa maimakon jimlar nauyi, albashin masanin rarrabewa da na wanda zai gaje shi, domin a fannoni da yawa masu wannan ilimi a duniya ba su taka kara sun karya ba, kuma suna tsufa, da kuɗin kula da ɗakunan ajiyar samfura. IUCN da kanta tana ɗaukar duk awon da ya haura shekara 10 a matsayin wanda ya tsufa, kuma irin waɗannan suna da yawa a kundin, don sake awo ma kuɗi ne.

Sai kuma sauyi guda a dokokin ba da izini, wanda nake ganin ya fi sauran sauƙi da tasiri. Inda aikin haƙa ko gini ko sabon kamun kifi zai shafi jinsin da ke matakin “bayani bai isa ba”, nauyin kawo bayanin ya koma kan mai neman izinin. Shi zai biya kuɗin binciken, masu zaman kansu su yi, a ajiye samfura da sakamakon inda kowa zai iya dubawa, kafin hukuma ta sa hannu. A yanzu rashin bayani mai neman izini yake yi wa amfani, saboda haka ba shi da dalilin son a duba. Kuɗin kwasar yashi da karanta ƙwayoyin gado irin wanda aka yi a Port Nolloth ba komai ba ne a kasafin kamfanin haƙar lu'ulu'u, kuma fasahar tana aiki a ruwan teku kamar yadda take aiki a yashi.